Yadda Ake Gane Kokolit na Dangin Watznaueriaceae a Duwatsun Saudiyya

Duk ɗalibin ilimin duwatsu da ya ɗebo samfur daga tsaunin Tuwaiƙ da ke yamma da Riyad, ko daga duwatsun Aruma da ke gabas da ita, in har akwai kokolit a ciki, wato ƙananan farantan da wasu tsirran teku suka bari a dutse, abu guda ne zai fara tararsa a maikiroskop: ɗan faifai mai ɗan tsawo, yana ƙyalli a cikin duhu, da baƙin gicciye mai lanƙwasassun hannuwa a kansa. Wannan ɗan dangin Watznaueriaceae ne. Yaranmu Hausawa da ke karatu a Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai a Zahran, da Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad, da tsangayar kimiyyar ƙasa ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, da wannan dangi ya kamata su fara koyon aikin, don shi ya fi yawa, shi ya fi jure wahala a irin duwatsun nan. Sai dai yawan nasa kan sa a raina shi, mutum ya riƙa maka wa duk wani abu mai haske suna ɗaya. Tsarin da nake bi shi ne a fara da bakin faifan, a gama da shi tsaf, sannan a leƙa cibiya. Baki ke faɗin dangi. Cibiya kuwa jinsi da nau'i take nunawa, kuma ita ce ta fi saurin lalacewa.

Kokolit ƙananan faranti ne na kalsait, wato ma'adinin alli, waɗanda wasu tsirran teku masu ƙwayar halitta ɗaya ke ƙerawa a cikin jikinsu, su fito da su waje su lulluɓe kansu. In tsiron ya mutu ƙwallon yakan tarwatse, farantan su sauka ƙasan teku su shiga laka, lakar ta zama dutse. Da maikiron ake auna su, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma yawancin 'yan wannan dangi tsakanin maikiron 4 zuwa 8 suke. Masanin kimiyya Ehrenberg ya gan su a cikin alli a 1836, wani masanin, Huxley, ya raɗa musu suna a 1858. Dangin da muke magana a kai kuwa Rood da Hay da Barnard ne suka kafa shi a 1971. Ya fara da jinsin Lotharingius a farkon zamanin Jurasik, sannan jinsin Watznaueria ya karɓi ragama tun daga Bajoshiyan a tsakiyar Jurasik, kimanin shekaru miliyan 170 da suka wuce, bai saki ba sai da aka yi babbar halakar ƙarshen Kiretashiyos, shekaru miliyan 66 baya. A mafi yawan wannan lokaci gabashi da tsakiyar ƙasar Larabawa suna ƙarƙashin teku marar zurfi ne, a gefen tsohon tekun da ake kira Tetis.

Zaɓen dutse

Rabin aikin a fili ake yin sa. Duwatsun Jurasik na tsakiyar Saudiyya a jere suke daga ƙasa zuwa sama: Marrat, Duruma, Tuwaiƙ, Hanifa, Jubaila, Arab, sai Hit. Wanda ya bi babbar hanyar Riyad zuwa Makka ya ga wasu daga cikinsu a yanke a gefen titi, inda hanyar ta gangara daga tsaunin. Matsalar ita ce yawancinsu a ruwa marar zurfi suka kwanta, wurin murjani da yashin alli, alhali masu yin kokolit sun fi son buɗaɗɗen teku. Ƙari a kan haka, dutsen alli mai tauri ya riga ya sake ƙulluwa, ƙananan halittun cikinsa sun narke ko sun manne da juna.

Saboda haka kada ka bi dutsen da ya fi kyan gani. Nemi shimfiɗa mai taushi, ruwan toka ko rawaya-rawaya, wadda laka da alli suka gauraya a cikinta, irin wadda ke marmashewa ta yi gangare a tsakanin duwatsu masu tauri biyu. Lakar ce ke kare kokolit daga ruwan da ke ratsa dutse. Hit gishirin anhaidirait ne, kada ka ɓata jakarka a kansa, haka ma duk inda dutse ya koma dolomait.

Tona ka wuce fatar da rana da iska suka ci, kamar santimita 20 zuwa 30, har ka iske dutse mai launinsa na asali. Ɗiga asid mai rauni a kan wani gutsure daban. In ya yi kumfa akwai alli, sai ka jefar da wannan gutsuren ka ɗauki wani. Guntu mai girman babban yatsa ya isa har ya yi yawa. Kowane samfur da ledarsa da lambarsa, kuma a goge guduma kafin a sari na gaba, domin ƙurar da ta maƙale a bakin guduma ta isa ta kai maka halittun wata shimfiɗa cikin wata. Fita fili a hunturu ake yi, kuma a bi ta hannun sashenku na jami'a a sami izini.

Ga waɗanda suka zo daga Sudan: duwatsun Kiretashiyos na kwarin Muglad a koguna da tafkuna suka kwanta, ba a teku ba, don haka can da burbushin ƙwayoyin furanni ake ƙiyasta shekaru. Kada wanda ya saba da su ya yi mamakin rashin kokolit a cikinsu.

Shafa a gilashi

Ba a buƙatar injin niƙa ko wani sinadari mai tsada. Fasa guntun ka sami sabuwar fuska. Kankare ɗan gari kaɗan da tsaftatacciyar reza a kan siririn gilashin rufi, ɗiga ruwa ɗigo ɗaya, ka dama da tsinken sakace har ya zama farin ruwa. Sai ka kwantar da tsinken ka ja shi gaba da baya, yadda shafin zai yi layi-layi, wani wuri da kauri wani wuri sirara. A busar a kan faranti mai ɗumi, ba mai zafin ƙuna ba. Daga nan a ɗiga gam na gani, irin Norland da ke daskarewa da hasken ultrabayolet, ko kanada balsam, a kan babban gilashin, a kifa na rufin a kai, a danna a hankali iska ta fita. Tsinke ɗaya, samfur ɗaya.

Ruwan da za ka dama da shi abin lura ne. Ruwan famfo yakan bar gishiri in ya bushe, gishirin kuma yana ƙyalli a madubi ya dame ka. Tataccen ruwa kuma in ya daɗe a buɗe yakan sha iskar kabon ya ɗan yi tsami, tsamin nan kuwa ya isa ya cinye siraran sassan cibiya. Ɗan ɗigon amoniya a kwalbar, yadda ma'aunin pH zai kai wajen 8 zuwa 9, yana maganin wannan. A kuma rufe gilasan da ke jiran bushewa, musamman ranar da aka tashi da ƙura, don ƙurar Najad cike take da garin alli.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen masu koyo shi ne kauri. In ka ɗaga gilashin ka ga fari ƙal kamar an shafa fenti, sake wani. Hazo-hazo ake so.

Abin da haske ke nunawa

Ana buƙatar maikiroskop na duwatsu mai teburi mai juyawa, da ruwan tabarau mai ƙarfin 100 na mai, wanda in an haɗa da na ido zai ba da ninki 1000 ko 1250. A tabbatar an daidaita ma'aunin da ke cikin na idon, domin girma na cikin abin da ake raba nau'i da shi. Haske iri biyu za ka riƙa sauyawa tsakaninsu: hasken gicciye, inda matatan haske biyu ke gicciye da juna fili ya yi baƙi, da hasken fes kontras mai fito da siffar abu ko da ba ya ƙyalli.

Ga dalilin da ya sa hasken gicciye ke aiki. Kowace ƙwayar kalsait tana da wani layi a cikinta da ake kira layin c. In layin nan yana tsaye yana kallon idonka, ƙwayar takan yi duhu. In yana kwance, takan yi haske, kuma gwargwadon kaurinta gwargwadon launinta: mai kaurin maikiron ɗaya toka-toka zuwa fari, mai kusan biyu ta fara yin rawaya. A 1992 Jeremy Young da Paul Bown da abokan aikinsu suka nuna cewa bakin irin wannan kokolit yakan fara ne da zobe na ƙwayoyi iri biyu a jere, ɗaya bayan ɗaya: ƙwayoyin V masu layi a tsaye, da ƙwayoyin R masu layi a kwance yana nuni daga cibiya zuwa waje. Bambancin dangi da dangi shi ne wanne daga cikin biyun ya girma ya gina wane sashe. Wanda ya riƙe wannan ya huta da haddar hotuna.

Karanta baki

Nemi wuri mai sirara a gilashin, ka zaɓi kokolit da ke kwance shi kaɗai, cikakke. Tambayar farko: faifai biyu ne da ɗan bututu ya haɗa su, ko kuwa katanga ce siririya da ta kewaye fili? Watznaueriaceae na cikin masu faifai biyu, waɗanda ake kira filakolit. Juya maɓallin saiti a hankali sama da ƙasa, za ka ga gefen faifan waje, sannan gefen na ciki wanda ya ɗan fi shi ƙanƙanta. In ka yi sa'a ka sami wanda ya kwanta a gefensa, za ka ga faifan biyu sun lanƙwasa tare, manne da juna. In kuwa abin da ka gani siririn zobe ne da fili mai faɗi a ciki, wataƙila da gicciye ko gada, to ka fita daga wannan dangi, kana wajen su Zeugrhabdotus da Eiffellithus.

Sai gwajin da na fi dogara da shi. Auna faɗin kokolit ɗin a fes kontras, ka koma hasken gicciye ka sake aunawa. A wannan dangi ƙwayoyin R ne suka gina faifan waje da na ciki duka, saboda haka faifan yana haske har bakin gefensa, girman da ka gani a can shi za ka gani a nan. In ya ƙanƙance a hasken gicciye, wato gefen ya ɓace cikin duhu tsakiya kaɗai ke haske, to ƙwayoyin V ne suka gina faifan waje, kuma ba ɗan gidan nan ba ne.

Yanzu dubi baƙin gicciyen. Hannuwansa huɗu ba miƙaƙƙu ba ne, sukan karya su lanƙwasa gefe guda, duka huɗun ta fuska ɗaya. Juya teburin, za ka ga suna tafiya a kan faifan ba tare da lanƙwasar ta ɓace ba. Dalili shi ne ƙwayoyin faifan waje ba a tsaye suke kafaɗa da kafaɗa ba, kowace ta hau kan 'yar'uwarta a karkace, yadda mai jinka ke ɗora bunu a kan bunu. A fes kontras, a manyan samfura, ana iya ganin layukan haɗuwarsu a karkace.

Alama ta ƙarshe sai an natsu. Tsakanin faffaɗan zoben waje da ƙaramin zoben da ya kewaye cibiya akwai wani siririn layi mai duhu da ya zagaye. Nan ne ƙwayoyin V suka tsaya, ba su girma ba. Ba a kowane samfur ake ganinsa ba, amma in ka gan shi tare da faifai mai haske da lanƙwasasshen gicciye, magana ta ƙare.

Mai son ƙarin tabbaci sai ya zura farantin jifsam, wato ɗan farantin da ake sakawa a maikiroskop tsakanin matatan haske biyu. Filin zai koma ja mai shunayya. Ɓangarori biyu na faifan da ke kan layin kibiyar da aka zana a jikin farantin za su yi rawaya, sauran biyun su yi shuɗi, wanda ke nuna layin c na ƙwayoyin daga cibiya yake nuni zuwa waje. A duba kibiyar da ido, kada a ɗauka kowane maikiroskop iri ɗaya ne.

Masu kama da shi

Biscutum faifansa duhu ne, da zobe mai haske a ciki, kuma layukansa miƙaƙƙu ne. Retecapsa da Cretarhabdus suna da haske matsakaici, amma ƙwayoyinsu ba su hau juna ba, ana ƙirga su a gefe, cibiyarsu kuma faffaɗa ce da gicciye da raga. Markalius zagayayye ne, faifai duhu, tsakiya haske. Coccolithus na bayan halaka shi ne babban misalin mai ƙanƙancewa a hasken gicciye.

Wanda ya fi rikitarwa shi ne Reticulofenestra da ɗan'uwansa Cyclicargolithus, domin su ma faifansu biyu na ƙwayoyin R ne, suna haske har gefe. Amma ba su da wannan siririn zobe mai duhu, ƙwayoyinsu sun fi yawa sun fi sirantaka, kuma sai a zamanin Iyosin suka bayyana, miliyoyin shekaru bayan Watznaueria ya shuɗe. In ka gan su a samfurin Jurasik, ba sabon binciken da zai girgiza duniya ka yi ba, gilashinka ne ya gurɓata.

Cibiya: jinsi da nau'i

Sai yanzu ka leƙa tsakiya. Fara da siffar faifan. In zagayayye ne sosai, tsawonsa da faɗinsa ɗaya, Cyclagelosphaera ne. Mafi yawan wanda za ka gani shi ne nau'in margerelii, ƙarami zuwa matsakaici, cibiya a rufe ko da ɗan rami. Deflandrei ya fi shi girma da kauri, har yakan yi rawaya. A auna da ma'auni, domin ido kan mai da mai ɗan tsawo zagayayye.

In mai ɗan tsawo ne, cibiyar a buɗe, da gicciye a kan dogon layi da gajeren layi, sau da yawa da ƙananan sanduna a gefe, Lotharingius ne, kuma wannan a Jurasik kaɗai ya rayu. In cibiyar ƙunci ce, a rufe ko babu komai ko da gada ɗaya, kana cikin Watznaueria.

A nan ne ake rabon suna. Barnesiae cibiyarsa a rufe take, ko ɗan tsagi kawai. Fossacincta yana da rami a buɗe ba komai a ciki, ovata kuma raminsa ya fi faɗi. Britannica yana da gada a kan gajeren layi, kuma gadar daga ƙwayoyi daban aka gina ta, shi ya sa in ka juya teburi takan yi haske ko ta dushe a lokacin da ya saɓa da na bakin. Biporta babba ne, da ƙananan ramuka biyu, abin da ya raba su kuma daga jikin bakin ya fito, ba gada ce mai zaman kanta ba. Manivitiae kamar barnesiae yake sai dai ya fi shi girma a fili, ga kauri, ga launi mai ƙarfi. Kowane samfur a kalle shi sau biyu: dogon layinsa a miƙe da matatar haske, sannan a juya shi digiri 45.

Tsakanin barnesiae da fossacincta babu katanga. Ramin yana raguwa ne sannu a hankali daga wannan zuwa wancan, kuma masana da dama na kallonsu a matsayin ƙarshe biyu na abu ɗaya. A ganina, abin da ya fi shi ne mai aiki ya yanke wa kansa iyaka tun farko, ya rubuta ta, ya tsaya a kanta har ƙarshen samfuransa. Rumbun Nannotax da ke intanet yana da hotunan kowane nau'i, kuma gara a kwatanta da hotuna da yawa maimakon guda.

In dutsen ya yi maka ƙarya

Ɗalibi kan ɗago kai ya ce, “Malam, gilashin nan duk barnesiae ne.” Amsar da ta dace ita ce a tambaye shi yanayin adanuwar samfurin tukuna. Abu biyu ke faruwa da kokolit a cikin dutse. Ko ruwa ya zaizaye shi, gefen ya yi cako-cako, gada da gicciyen cibiya su faɗi. Ko kuma sabon kalsait ya toho a kansa, ƙwayoyin su kumbura, ramuka su toshe. Zaizaya kan mai da britannica ya zama fossacincta, don gadar ta tafi. Toho kan mai da fossacincta ya zama barnesiae, ya kuma ƙara wa ƙarami kauri har a zaci manivitiae ne. A duwatsun alli na Saudiyya toho ya fi yawa. Baki kan tsira daga duka biyun, shi ya sa dangi da jinsi suka fi nau'i tabbas.

Akwai ƙa'idar da Roth da Krumbach suka kawo a 1986, cewa in barnesiae ya haura kashi 40 cikin 100 na samfurin Kiretashiyos, a yi zargin narkewa ta share masu rauni ta bar mai taurin kai. Ma'auni ne mai amfani, amma kada a ɗora shi a kan Jurasik ido rufe, domin a can Watznaueria da kansa ya mamaye teku. Abin da ya fi shi ne ka duba ko akwai masu laushin jiki tare da shi, irin su Biscutum da Stephanolithion. In suna nan da cibiyarsu lafiya, yawan Watznaueria na gaske ne. In babu kowa sai shi da gutsattsarin kalsait, to ragowar abin da ya tsira kake kallo.

Inda cibiya ba ta karantuwa, rubuta Watznaueria sp. ka wuce. Inda ta yi kama amma ba ka gamsu ba, sa cf. kafin sunan nau'in.

Ƙirga da rubutawa

Ƙirga kokolit 300 a jere, fili bayan fili, ba tare da tsallake marasa kyau ba, ka rubuta adadin filayen da ka bi. Bayan nan ka bi layi biyu ko uku na gilashin kana neman waɗanda ba su da yawa, domin su ne ke ba da shekaru. Barnesiae ya rayu kusan shekaru miliyan 100, don haka ganinsa bai ce maka komai ba face kana tsakanin tsakiyar Jurasik da ƙarshen Kiretashiyos. Britannica da yawa alama ce ta Jurasik, ko da yake ya kai tsakiyar Kiretashiyos. Don taƙaita lokaci sai an haɗa da 'yan wasu dangi: Stephanolithion bigotii daga Kalobiyan zuwa farkon Titoniyan a Jurasik, ko Micula murus a ƙarshen Mastiriktiyan, matakin ƙarshe na Kiretashiyos, bisa tsarin shiyyoyi 26 da Sissingh ya shimfiɗa wa Kiretashiyos a 1977.

In samfurin daga rijiyar mai ya fito, a bambanta sandar dutse da aka ciro cikakkiya da ɓarɓashin haƙa. A ɓarɓashi, gutsattsari daga sama kan zubo su gauraya da na ƙasa, saboda haka wurin da ka fara ganin nau'i kana gangarawa shi ne abin dogaro, ba wurin da ya daina bayyana ba.

Watznaueria da ka tsinta a dutsen da ya kwanta bayan halaka, irin su Ummur Raduma, a ɗauke shi baƙo ne da ruwa ya kwaso daga tsohon dutse, a sa masa alama daban a jadawali. Cyclagelosphaera kuwa ya ƙetare halakar da ransa, don haka ganinsa a farkon Faliyosin, zamanin da ya biyo bayan halakar, daidai ne. A 2015 ma an nuna cewa Tergestiella adriatica, wanda ke raye yau a ruwan gaɓar Japan da tekun Adiriyatik, tsarin bakinsa na wannan zuriya ne.

A kowane layi na jadawalinka a sami lambar samfur, shimfiɗar da ya fito da tsayinta, yawan kokolit a fili guda, yanayin zaizaya da na toho kowanne daban, da sunayen da ka bayar. Ɗauki hoton kowane nau'i sau uku, a fes kontras, a hasken gicciye a miƙe, da kuma a digiri 45, da sandar ma'auni a jiki. Samfuran da cibiyarsu ta ƙi karantuwa, kuma sunan yana da tasiri a kan shekarun da za ka bayar, su ne za ka ware ka kai maikiroskop na lantarki, inda za a shafa musu zinariya a ga zoben ƙwayoyin V da gadar ƙuru-ƙuru. Ragowar guntun dutsen a mayar da shi ledarsa a ajiye, don mai duba aikinka zai iya neman a sake shafa wani gilashin daga gare shi.